Saƙon da Matar Direba Ta Goge

Yayata ce ta fara faɗawa hannun 'yan damfarar waya. Mai lalle da kitso ce a Koki, kuma duk amaryar da ta zauna a gabanta sai ta ɗauki hoton hannunta da na kanta kafin a ɗaura ɗankwali, don ta riƙa nuna wa mata irin aikinta. Alkawari ɗaya take yi musu: idon namiji ba zai gani ba. Wata Talata da hantsi wani mutum ya kira ta, da sallamarsa da ladabinsa, ya ce daga ƙungiyar masu kwalliya yake, za a yi bita an ware mata kujera, yanzu za ta ga lambobi shida sun shigo wayarta, ta karanto masa don a tabbatar ita ce. Ta karanto. Kafin azahar manhajar da take hira da mutane ta rufe a wayarta ta buɗe a tasa, da sunanta da hotonta da duk zaurukan matan da take ciki. Ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana rubuta musu, "Wayata ta lalace, don Allah sake turo min hoton kitsonki na biki." Suka turo, don sun ɗauka ita ce. Da la'asar ya fara baza hotunan inda kowa zai gani.

Ni aka aiko a kira. A danginmu ni ce wadda ta san waya. Lokacin da sojoji suka koma bariki aka fara buɗe shagunan kwamfuta a gari, ina cikin 'yan matan farko a unguwarmu da suka je suka koyi buga takarda, kuma tun daga nan duk wanda wayarsa ta yi gardama ni yake nema. Da safe ina koyarwa a firamare, da yamma ina da ajin matan aure na yaƙi da jahilci a soron wani gida a Dukawuya. Amma ranar na tsaya a tsakar gidan Yaya da wayarta a hannuna ina ta latse-latse, ban tsinana komai ba. Ina nan tsaye mahaifin wata amarya ya yi sallama a ƙofar gida. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi a gaya wa mai lalle ya gode, Allah ya isa. Sai da muka yi kwanaki kafin muka ƙwato manhajar, amma matan ba su dawo ba. Yaya ta naɗe tabarmar aikinta ta jingine a bayan ƙyaure, ta daina ɗaga waya, ta daina zuwa biki.

Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Duk macen da na gani a adaidaita sahu da waya a kunne, sai in kasa nawa kunnen in ji ko lambobi take karantawa. Na ajiye darasin baƙi da wasali na mako guda na hau yi wa matan ajina wa'azin waya. Kada ku ba kowa lambobi. Kada ku taɓa shuɗin rubutun da ba ku san wanda ya turo ba. Ku sa wa wayoyinku makulli. Suna cewa "To, Malama," suna gyara goyo, suna fifita da bangon littafi. Bayan kwana biyu na ari wayar wata abokiyar aikina, na tura wa uku daga cikinsu lambobi shida, na toshe hanci na kira su na ce daga asibitin awo nake. Duk ukun suka karanto mini. Ɗaya har da sa mini albarka.

Ana cikin haka aka aiko makarantarmu a ba da malamai biyu don wata bita ta kwana uku kan tsaron waya. Na riga kowa ɗaga hannu. Yawancin abin da aka faɗa a can ban tsinci komai a ciki ba, amma ranar ƙarshe aka ba kowannenmu kwamfutar hannu mai faɗin littafi, da wani wasa a cikinta. Wasan ba wuya. Saƙo zai bayyana kamar a wayarki ya shigo, a ƙarƙashinsa maɓalli biyu, kore da ja. Kore, kin yarda. Ja, kin goge. In kika yarda da na ƙarya sai a nuno ƙofa ta wangale wata inuwa ta shige ɗaki. In kika dace sai ƙararrawa ta kaɗa a ba ki tauraro. Sai dai duk da Turanci ne, kuma saƙonnin na wata duniya ne, wai an kawo miki ƙunshin saƙo a ofishin aika kaya, wai katin sayayyarki ya ƙare. Ba wadda aka taɓa yi wa irin wannan a ajina. Na yi ta tone-tone har na gano inda malami zai iya zuba nasa saƙonnin, har da murya.

Muryar namiji nake buƙata, na nufi maigidana. Kwanon rufi yake sayarwa a kasuwar Ƙofar Ruwa, mutum ne mara son magana. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ajiye masa abinci na ajiye takarda a gefe.

"Yanzu da gemuna za ki mayar da ni ɗan damfara?"

"Murya kawai nake so, Alhaji. Ba wanda zai ga fuskarka."

Da farko yana karantawa kamar mai sanarwar ɗaurin aure. Can sai abin ya shige shi. Ya yi ma'aikacin banki mai haɗa Hausa da Turanci, ya yi mai rabon tallafi, ya yi malamin da ya ce ya yi mafarki da ke an yi miki asiri, ya yi mai cewa "yi haƙuri, ɓatan lamba ne, amma muryarki ta yi mini daɗi." Na ƙarshe ni na rubuta shi, ina kuma alfahari da shi don na san zai kama mata da yawa: "Hajiya, mijinki ya yi hatsari a hanya, yana asibiti, ki kira wannan lamba maza-maza." Na sa masa ja a matsayin amsa.

Ranar da na kai kwamfutar aji ban taɓa ganin matan nan haka ba. Aka ture littattafai, aka matso, kai ya haɗu da kai. Wadda aka miƙa wa sai ta goge hannu a zani tukuna. Murya na fitowa sai soron ya kaure. "Kore ne!" "Ke, ja ne, ba ki ji yadda yake sauri ba?" Wadda ta bari inuwa ta shige ɗaki a yi ta yi mata dariya, ita ma tana yi, tana cewa a sake ba ta. Abin da na yi mako ina faɗa bai shiga ba, a yamma ɗaya ya shiga. Har aka kira magariba ba wadda ta tashi, sai da matar gidan ta leƙo ta ce za a rufe soro.

Mata biyu suka yi fice. Ɗaya tsohuwa ce da muke kira Hajiya kawai, Bafulatana, iyayenta makiyaya ne da suka zauna a birni, tana sayar da man shanu. Ta shekara biyu a ajina ba ta wuce rubuta sunanta ba. Amma a wasan ba a taɓa kayar da ita ba, don kafin murya ta kai ƙarshe ta dangwale ja.

"Hajiya, ki bari ki ji abin da zai ce mana."

"Me zan ji? Wanda bai san hanyar gidana ba, ba shi da abin faɗa mini."

Ɗayar matar wani direba ce mai dakon shanu zuwa kudu a babbar mota. 'Ya'yanta uku, ba ta da hayaniya, kusa da ƙofa take zama don tana tashi da wuri. Ita takan saurara har ƙarshe, sannan ta taɓa, kuma in na tambaye ta dalili sai ta faɗa dalla-dalla: ya nemi lambobi, ya ce a yi sauri, bai faɗi sunan kowa ba. Ita na ɗora a kan sababbin zuwa. Ita ta koya wa rabin ajin sa makulli na biyu a manhajar hira, wanda ko an sace lambobi shida ba a shiga sai da shi.

Na lura da wani abu a lokacin, ba zan ce ban lura ba. Matan sun gano cewa ja ne ke ci. A cikin saƙonnin da na zuba, na gaskiya ba su fi biyu ko uku ba, su ma a fili suke, irin gaisuwar Juma'a daga ƙanwa. Na ga haka na ji daɗi ma. A raina na ce gara su goge goma na gaskiya da su buɗe ɗaya na ƙarya. Labari ya bazu, aka fara kirana gidajen suna da walima in zo da "allon nan mai magana". Ina fita daga makaranta in tari adaidaita, yau Koki, gobe Dukawuya, jibi wani lungu da ban taɓa shiga ba. Maigidana ya ce kwamfutar ta fi shi ganina. Ban tsaya ba shi amsa ba, ina neman hijabi.

Sai matar direba ta daina zuwa. Mako ɗaya, mako biyu. Na kira wayarta ba ta ɗaga ba, na ce ko haihuwa aka yi a danginsu. Na yi niyyar in bi sawu, yawon gidajen suna ya hana ni.

Wata Laraba muna tsakiyar wasa ta yi sallama. Ba ta cire takalmi ba, ba ta zauna ba. Ta rame, idonta ya faɗa. Na ce, "Lale, ina kika shige haka?"

Ta ce, "Malama, magana na zo in faɗa in tafi."

Ta faɗa a tsaye, muryarta ba ta rawa. Ranar wata Alhamis saƙon murya ya shigo mata daga baƙuwar lamba. Mace ce, Hausarta a karye, ta ce mijinta ya yi hatsari yana asibiti, ta kira. Ta saurara sau biyu. Ba suna, ga gaggawa, ga baƙuwar lamba, kusan kalma da kalma irin na cikin wasa. Ta goge, ta toshe lambar. Ta gwada wayar mijin ta ji a kashe, amma wannan ba sabon abu ba ne, in ya shiga daji yakan kwana biyu ba a samunsa. Har ta yi niyyar ta zo ta ba mu labari a aji yadda ta tsallake. Sai ranar Lahadi yayan mijin ya zo da labarin da ya ji a tasha. Motar ta kife, ƙafarsa ta karye wuri biyu, wayarsa ta farfashe. A duk duniya lambarta kaɗai ya haddace. Wata mai jinyar ɗanta a gadon kusa ce ta taimaka ta aiko saƙon. Kwana uku yana kwance a garin da ba ya jin yarensu, ba nasa ko ɗaya, yana sa matar ta sake kira, kira ba ya shiga.

"Da muka je, abin da ya fara ce mini shi ne, na sa an aiko miki, me ya sa ba ki amsa ba?" Ta dube ni. "Me zan ce masa, Malama? Ke kika ce ja."

Abin da ya fito daga bakina har yau ina jin kunyarsa. Na ce, "Ai ban ce kowane saƙo..."

Hajiya ta katse ni. "Kin faɗa. Mu duka mun ji. Ga shi nan a cikin allon, da muryar mijinki."

Matar direba ta juya ta fita. Na bi ta har bakin lungu ina kiranta, ba ta waiwayo ba. Na dawo na tarar matan sun fara naɗe tabarmi ba wanda ya ce su tashi.

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda zan sa kaina ba. In ɗauko kwamfutar in buɗe in rufe. In fara shara in bari a rabi. Na dafa shinkafa na manta gishiri, washegari na zuba sau biyu. Wata rana na tashi daga makaranta, maimakon in hau adaidaita sai na kama tafiya a ƙasa, ina bin lunguna ina tsallake kwatoci, ina ta shirya maganar da zan kare kaina da ita, ban ankara ba sai ga ni a ƙofar gidan Yaya a Koki.

Na same ta tana tsince wake. Na kwashe komai na faɗa mata, har da cewa ai ni don alheri na yi, ai da an yi wa matar nan damfara da yanzu wani zancen ake. Ta bar ni na gama.

"Ke haushina kike ramawa," ta ce.

"Haushinki kuma, Yaya?"

"Tun ranar da kika tsaya a nan da wayata kika kasa komai, ba ki huta ba. Ni na rufe ƙofa na zauna, ke kuma kin bi gari kina koya wa mata su rufe tasu. Kin ga na ji daɗin zaman nan? Ƙawata ta rasu a Dukawuya, sai bayan sadakar uku na ji, don ba na ɗaga waya."

Ban san da wannan ba. Ta tura mini farantin waken ta ce in tsince tunda hannuna ba ya iya zama.

Ita ta ce in je dubiya, kuma ta ce za ta raka ni, fitarta ta farko cikin watanni. Muka sayi lemo da ayaba muka je ranar Asabar da hantsi. Matar direba ta amsa sallamarmu ciki-ciki, ta shimfiɗa mana tabarma ta koma madafa. Mijin yana kwance a rumfa, ƙafa a ɗaure tun daga cinya. Na gaishe shi daga nesa, na ce ni ce malamar, na zo neman afuwa. Na shirya wa faɗa. Bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Malama, ƙaddara ce, ba ke kika kifar da mota ba," ya ce. "Kuma abin da kike koya musu gaskiya ne, an yi wa abokan aikinmu da yawa. Sai dai da ta aika tasha. Kowace mota da ta fita an san ta, an san wanda ya ɗauka, an san mai ita. Awa ɗaya ba za a yi ba za a gano ko na isa ko ban isa ba. Ba sai ta yarda da mai saƙo ba. Tambaya kawai za ta yi a wani wuri."

Daga madafa matar ta ce, "Ba a koya mana wannan ba."

Yaya ta taɓa ni da gwiwar hannu muka yi sallama.

A hanya na fara sake wasan a kaina, ina tafe ina magana ni kaɗai har Yaya ta ce mutane na kallonmu. Na dudduba kwamfutar ko za ta yarda a ƙara maɓalli na uku, ta ƙi; biyu aka ƙera ta da su. Sai na yanko kwali na shafa masa rawayar kala, na rubuta "bincika" a jiki, na nemo tsohuwar ƙaramar wayata mai madannai na haɗa su a leda ɗaya. Na goge rabin saƙonnin na zuba sababbi, na gaskiya masu kama da ƙarya: makarantar yaro na nemanki yanzu, an kwantar da mahaifiyarki, maƙwabciya ta ari wayar wani tana cewa hayaƙi na fita daga ɗakinki. Abu ɗaya na bari yadda yake: duk wanda ya nemi lambobi shida, ko waye, ja ne.

Sabuwar doka ita ce, wadda ta ɗaga rawayan kwali ba ta tsira ba tukuna. Sai ta faɗa da bakinta wa za ta tambaya, ta wace hanya, ban da lambar da ta aiko saƙon. Sannan ta ɗauki ƙaramar wayar ta kira da gaske. Yaya ce ke ɗagawa daga Koki, yau ta zama shugabar makaranta, gobe ta zama suruka, jibi matar mai mota, ta gaya mata ko labarin gaskiya ne. Na kuma sa kowace mace ta rubuta lambobin mutum uku a takarda, waɗanda za su san inda mijinta da 'ya'yanta da iyayenta suke, ta adana a inda ba waya ba.

Wasan ya yi nauyi. Dariya ta ragu, saƙo ɗaya sai ya ci minti goma ana gardama. Wasu suka ce na ɓata abu mai daɗi, suka daina zuwa. Masu gayyata gidan suna ma suka ja baya, don ba wanda ke son a ce masa an kwantar da mahaifiyarsa ana tsakiyar cin tuwo. Hajiya ta sha kaye sau uku a jere a rana ɗaya, ta ture kwamfutar ta ce allon ya lalace.

"Bai lalace ba, Hajiya. Jikarki ce a asibiti, kin goge."

"To wa zan tambaya? Ni ban iya karanta takardarku ba."

Wannan ma ban yi tunaninsa ba. Muka zauna ni da ita muka zana: kan saniya a gefen lambar ɗanta mai harkar dabbobi, allura a gefen ta 'yarta mai aikin asibiti, tulu a gefen ta maƙwabciyarta. Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zani, tana mita.

Matar direba ta fi wata biyu ba ta leƙo ba. Na aika mata sau biyu, na uku na bari. Ranar da ta dawo ba ta yi wani bayani ba, ta cire takalmi ta zauna a wurinta kusa da ƙofa. Da aka tashi ta tsaya har kowa ya fita, ta ce in ba ta kwamfutar. Ta nemi inda ake ɗaukar murya, ta karya harshenta yadda matar asibitin nan ta yi, ta faɗi saƙon kamar yadda ya zo mata, ba ta rage komai ba. Ta miƙo mini.

"Ki sa shi a ciki. Kuma ki cire na mijinki."

Na ce to. Ban cire ba dai. Na bar su biyun a jere, ɗaya ƙarya ɗaya gaskiya, kuma da ta gani a mako na gaba ta bar su haka. Tsakaninmu bai koma kamar da ba. Tana gaishe ni, tana yin abin da aka sa ta, amma ta daina duban fuskata in ta ba da amsa don ta ga ko ta dace. Mijinta ya warke da ɗingishi, ya bar doguwar hanya, yanzu a tasha yake yana tsara lodi. Yaya kuwa, kiran da matan ajina ke yi mata ne ya sa ta saba da ɗaga waya kuma. Biyu daga cikinsu suka je mata kitso, daga baya aka kai mata amarya. Ba ta ƙara ɗaukar hoton kan kowa ba, hannu kawai, shi ma sai an cire zobe.

Na ci gaba da ajin shekaru. Kwamfutar farko ta mutu, na sayi wata ta hannu, na sake zuba komai. Duk lokacin da na ce na gama tsara wasan, sai wata ta shigo da abin da ba ya ciki. Na baya-bayan nan wata mai sayar da kayan miya ce. Ta miƙo mini wayarta ta ce in saurara. Muryar 'yarta ce da ke karatu a wani gari, tana kuka tana cewa an kama ta, a taimaka. Ta ce ta ɗaga kwali a zuciyarta, ta kira ƙawar yarinyar, aka haɗa su, ga ta lafiya lau tana wanki, kuma ta rantse ba ta taɓa faɗin haka ba.

"Amma Malama, muryarta ce. Ni na haife ta. Yaya aka yi?"

Na saurara sau uku. Na ce mata na ji ana cewa akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum, amma ban san yadda take ba, ban kuma san yadda ake gane ta ba. Matan suka zuba mini ido suna jira. Na ce a ba ni zuwa Laraba. Na sallame su da wuri, na roƙi matar ta tura mini saƙon, na sa hijabi na fita neman adaidaita, don an ce mini akwai wani mai gyaran waya a bakin kasuwa da ya san irin waɗannan abubuwa, kuma yana rufe shago kafin magariba.